Ƙarshen Ɗan Laima

Litinin, da hantsi

Ya iso! Faifan Ɗan Laima ya iso! Zuhair, mai gidan da muke haya a nan unguwar Manshiya ta Sabha a Libiya, wanda butik ɗinsa, wato shagonsa, ke bakin layi, ya aiko a kira ni. Na tafi hannuna duk ƙullun fanke, ya miƙo mini kwali a leda yana dariya, wai tun daga Tarabulus direba ke tambaya wane mahaukaci ne ke neman wannan tsohon fim. Na ce mahaukatan biyu ne, ni da ƙanena.

Ga shi a cinyata ina rubutu. A bangon ga mutumina, kansa ƙwal ba gashi, a kan babur mai ƙafa uku, laimar ƙarfe a bayansa. Faifai biyu ne a ciki. Turawa da wani suna suka san shi, oho musu, mu a Damagaram Ɗan Laima ne.

Sai dai ƙanen nawa Sadissou jiya ya tafi Ghuddwa yankan dabino a mazarar wani mudir, wato gonar wani babban mutum. Shi fa ya gani a waya cewa an gyara fim ɗin an sake shi don kallon gida, shi ya hana Zuhair sakat wata da watanni. Da zai hau kamiyo, babbar motar da ke kwashe leburori, ya ce, "Yaya, in ya zo ki kalla, ban hana ki ba. Amma ki tsaya inda kaset ɗin Baba ya tsaya. Ƙarshen tare za mu gani." Na ce ya tafi can, wa zai jira shi.

Zan jira shi mana.

Litinin, bayan la'asar

Saoudé maƙwabciyata, ƴar Maraɗi, ta ce ba ta gane kan wannan haukan ba, sai na zaunar da ita na ba ta tarihi.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana da gidan bidiyo a unguwar Birni: rumfar zana, benci, tele ɗaya. A duk kaset ɗinsa ba wanda ya kai wannan. Duniya ce ta ƙone, babu itace ko ɗaya, sai wani kamfani ya yi wa birni rufin ƙarfe yana sayar da inuwa. Wanda bai biya ba, a buɗe rufin daidai kan gidansa. Sojojin ƙarfe na yawo suna karya laimar duk wanda suka gani. Ɗan Laima shi ne ɓarawon inuwa, yana sata yana kai wa talakawa. Saoudé ta ce, "To ai Sabha ce wannan, me ya rage?" Muka yi ta dariya.

An ce a ƙasarsu ba wanda ya kula fim ɗin lokacin da ya fito, sai daga baya aka haukace a kansa. Da sun tambaye mu ai da mun faɗa musu tun tuni.

Abin da ya faru shi ne, wata rana kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana dab da ƙarshe, kaset ya kwana a cikin inji. Washegari ake wasan ƙarshe na kokowar ƙasa a tele, Baba kuwa in ana kokowa ba ya sanin sunansa. Ya danna ɗauka bai duba ba. Daga ranar, Ɗan Laima zai hau hasumiya, ya kama sandar da za ta shimfiɗa rufin kan kowa da kowa, matar nan mai idon gilashi ta ɗora masa bindiga a ƙeya, sai ga ƙarti biyu da guraye suna zagaya juna, makaɗa na ta kiɗi. Wanda ya taɓa ganin ƙarshen kafin nan, kowa da abin da yake faɗa. Mu muna ƙanana, ba mu gani ba. Sadissou har ya shiga lakol, wato makarantar boko, yana rantsuwa Ɗan Laima ne ya rikiɗa ɗan kokowa.

Laraba, bayan magariba

Mun kalla! Wayyo daɗi. Maigidana Hamidou ya fito da tele tsakar gida ya ɗora kan mataccen firigo. Saoudé ta kawo tabarma. Baba Sidi, tsohon Agadas mai gadin garajin su Hamidou, ya zo da butar shayinsa. Zuhair ya leƙo wai gaisawa kawai zai yi, ya zauna.

Ashe laimar koriya ce! Duk yarintata baƙa na san ta. Ashe mai idon gilashi tana da wushirya. Ashe akwai mutane a tagogin da muke ganin duhu kawai. Na yi ta ihu har Saoudé ta ce in bar mutane su ji.

Ba mai jin turancinsu, sai na tashi na yi fassara irin ta rumfar Baba, wato duk abin da ya zo bakina. Shugaban kamfanin ya buga tebur, na ce, "Wa ya shanye mini fura?" Zuhair da ke karanta larabcin ƙasan tele ya ce da ƴar Hausarsa ta kasuwa, "La, la, Rékia, shi bai ce fura ba." Baba Sidi ya ce, "Kai Zuhair, dubi tumbinsa. Fura ya ce."

Da aka zo hasumiya, hannu kan sanda, bindiga a ƙeya, na danna telekoman na tsayar da fim. Tsit. Kai, ka ce mutum na kashe! Saoudé ta dafe ƙirji, Zuhair ya yi ta zuba larabci. Na ce alkawari ne, sai Sadissou ya dawo. Sai Hamidou, mutumin da kan wuni bai ce uffan ba, ya miƙe ya naɗe ƙafar wando ya hau kirari, wai yadda kaset ɗin surukinsa ya ƙare haka za a ƙare. Ya cafki Zuhair. Zuhair ya maka shi da ƙasa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Alhamis, da azahar

Sadissou ya kira daga saman dabino, can kaɗai ake samun rezo. Na ce masa laimar koriya ce. Ya ce, "Ƙarya kike, Yaya!" Na ce wallahi. Ya yi ihun da na ji tsoron kar ya faɗo. Ya ce na tsaya inda ya ce? Na ce a'a, na gama kallo, Ɗan Laima ya auri mai idon gilashi sun haifi ƴan biyu. Ya ce Allah ya isa. Sati biyu ya ce, in dabino ya ƙare.

Juma'a, bayan la'asar

An fara jin ƙara ta wajen kudu, ta hanyar Ghuddwa. Hamidou ya ce taya ce ta fashe. Tayoyin garin nan dai yau sun sha fashewa.

Asabar, da safe

Wayar Sadissou ba ta shiga. Rezo ne.

Lahadi, da yamma

An rufe hanyar Ghuddwa daga bawabar farko, shingen binciken nan, ba shiga ba fita. Garaji a rufe. Na tuƙa tuwon leburori kamar kullum, ba wanda ya zo saye, sai muka zauna muka cinye abinmu. Kuran ya zo bayan azahar, Hamidou ya dube ni, na dube shi, ya tashi ya ɗauko tele.

Yau da baƙi. Samarin gidan baya, masu jiran tafiya arewa da hanya ta tsare, sun ji ƙarar babur ɗin Ɗan Laima ta katanga suka yi sallama. Akwai wani dogo ɗan Gambiya mai jin turanci, na lura duk na buɗe baki sai ya duƙar da kai kafaɗunsa na rawa. Na ce in ya fi ni iyawa ya taso. Ya ce a'a Hajiya, naki ya fi nasu ma'ana. Hajiya! Ni da ko Agadas a cikin mota na wuce ta ina barci.

Na tsayar a hasumiya. Suka yi ca a kaina. Wannan karon Baba Sidi ne ya yi musu bayani, ban buɗe baki ba.

Talata, da hantsi

Inna ta kira daga Damagaram. Ta ce ina autanta, ba ta jin shi. Na ce yana mazara, Inna, kin san shi da aiki, kuma can ba rezo. Duk gaskiya na faɗa. Na ba ta labarin faifai, ta ce, "Wannan shegen fim ɗin da ya cinye muku karatu har Libiya ya bi ku?" Ta yi dariya har da tari. Na ja hirar kan marigayi da kokowarsa har kuɗin wayarta ya ƙare.

Laraba, da azahar

Ba hubza a butik, ko burodi ɗaya. Wayarsa har yanzu ba ta shiga.

Alhamis, bayan la'asar

Gidan nan ya zama rumfar Baba sak. Kowa ya haddace fassarata, kafin shugaban kamfani ya buga tebur duk tsakar gida ta ɗauka, "Wa ya shanye mini fura?" In ƙarar waje ta yi yawa Hamidou ya ƙara murya, sai a rasa wacce ta tele wacce ta gari, kuma ba mai son ya sani.

Kowa da ƙarshensa. Baba Sidi ya ce bindigar ba harsashi, ya ga irin riƙon a idon matar. Ɗan Gambiya ya ce za ta harbe shi amma zai faɗa kan sandar. Saoudé ta ce son shi take yi, duk macen da ta bi namiji har saman hasumiya ba kisa ya kai ta ba. Zuhair ya yi wani murmushi, wai shi ya karanta a waya tun kafin rezo ya lalace. Na ce, "Zuhair, ka furta kalma ɗaya, kai da fankena har abada." Ya kama bakinsa da yatsu biyu. Mai gida guda!

Asabar, da yamma

Mun sa faifai na biyu, wanda ake hira da waɗanda suka yi fim ɗin. Ikon Allah! Sojojin ƙarfen nan da suka hana ni fita fitsari ina yarinya, ashe mutane ne sanye da ledar bokiti, ga su nan sun cire kai suna shan lemo. Birnin kuwa duk girmansa bai wuce tabarma ba, da kwali aka gina shi.

Sai ga wani tsoho mai furfura da ƙaton ciki yana ban ruwan tumatir a bayan gidansa. Ban gane shi ba sai da ya yi dariya. Ɗan Laima! Da gashi! Saoudé ta yi guɗa. Ta ce to magana ta ƙare, ga shi nan da ransa har da jikoki, ke nan ba a harbe shi ba. Ɗan Gambiya ya fara yi mata bayanin cewa ba haka abin yake ba, na ce ya rufe mana baki. Ni ma na sani ba haka ba ne. Amma na ji sanyi a raina da na gan shi ya tsufa, na sa aka maimaita wurin tumatir ɗin.

Da tsohon ya fara magana kan hasumiya na kashe, kar ya yi ɓaranɓarama.

Lahadi, da safe

Wata kamiyo ta shigo daga kudu da mutane. Hamidou ya je ya dawo. Ya ce ƴan wata mazara ce daban.

Na share tsakar gida. Na sake sharewa.

Litinin, bayan magariba

Mun yi faɗa da Saoudé. An zo hasumiya na laluba telekoman babu, ashe ta zauna a kai. Na ce ba ni. Ta ce yau sai an ga ƙarshe, mutane sun gaji, kullum a kai su bakin abu a dawo da su. Na ga yatsan matar nan ya fara motsi a kan bindiga, abin da ban taɓa gani ba tun da nake. Na yi tsalle na fizge wayar kuran daga bango, tele ta kusa faɗowa.

Sai Saoudé ta faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba. Tambaya ce, gajeriya, da "in" ta fara.

Kowa ya tashi ya sulale. Baba Sidi kaɗai ya tsaya, ya zuba mini shayi ya ce, "Sha, ɗiyata."

Tsoro nake ji. To, na rubuta. Na san shirme ne, na yi lakol har kolej, ina sallah, na san ba faifai ke riƙe da ran mutum ba. Amma muddin hannun nan na kan sanda, bindiga ba ta tashi ba, sai in ji kamar komai a tsaye yake yana jira, har can. Ba zan danna ba.

Talata

Ba mu kalla ba.

Laraba, da hantsi

Hamidou ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shiga motar Zuhair sun tafi wurin nan na bayan asibiti da ake zuwa dubawa. Bai faɗa mini ba, ban tambaye shi ba. Ina wanke tukwanen da na wanke jiya.

Laraba, bayan la'asar

Sun dawo. Tun daga ƙofa Hamidou ya ce, "Babu shi a can, Rékia. Na duba duka. Babu shi." Ya tafi bayan ɗaki ya daɗe yana wanke fuska.

Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Ban san lokacin da na fara rawa da ludayi a hannu ba. Sai ga Saoudé ta fito da kazarta, kazar da take ji da ita kamar ɗiya, ta miƙa wa Baba Sidi ta ce ya yanka. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke kuma uwar taurin kai, ɗora ruwa." Na ce, "Bakinki dai, Saoudé, wata rana sai an ɗinke shi." Muka fige kaza tare tana kuka ina yi mata tsiya.

Mun kalla da romo a hannu. Da aka zo hasumiya ita ta danna da kanta. Samarin baya suka tashi kokowa, ɗan Gambiya ya kayar da mutum biyu, Hamidou ya yi masa kiɗi da bokiti.

Juma'a, da yamma

Ƙarar ta yi nisa. An ga hubza. Inna ta kira ban ɗauka ba.

Lahadi, da azahar

Wai an buɗe bawabar farko. Wai.

Talata, bayan azahar

Ya dawo ya dawo ya dawo.

Talata, da yamma

Bari in rubuta da kyau. Ina tankaɗe a ƙofar ɗaki na ji an ce, "Salamu alaikum, a nan ake sayar da inuwa?" Na ɗaga kai. Ya rame, leɓensa duk ya tsage, ba jaka, takalmi ƙafa ɗaya nasa ɗaya na wani. Hannun hagu a naɗe da rawani an rataye a wuya. Na watsar da garin duka. Abin da ya fara fita bakina shi ne, "Dubi ƙazamin kanka!" Sai na riƙe shi na kasa saki, shi kuma yana ta cewa, "Yaya, hannun, hannun."

Ya zaro ɗan busasshen dabino daga aljihu ya ba ni, wai tsarabata. Na tambayi hannun, ya ce daga kan dabino ya faɗo. Hamidou ya kwance ya duba, ya mayar ya ɗaure, ya ce gobe za su ga likita. Bai ce komai kan dabino ba.

Ya ci tuwo kwano biyu. Na kira Inna na manna masa waya a kunne, ina jin ta tana zaginsa tana sa masa albarka a numfashi ɗaya. Yanzu yana barci a tabarma bakinsa buɗe. Saoudé na zaune tana kore masa ƙuda, ta hana kowa tari.

Laraba, bayan la'asar

Gida ya cika har kan katanga. Zuhair ya kawo lemo, ya zo da gurup ɗinsa ma, injin wuta, don kar kuran ya ci amanarmu. Aka ba Sadissou kujera a gaba. Da aka ɗauka "Wa ya shanye mini fura?" ya yi dariya har ya riƙe hannun ciwon.

Aka zo hasumiya. Hannu kan sanda, bindiga a ƙeya. Duk aka juyo ana kallona. Na ajiye telekoman a ƙasa, Saoudé ta rangaɗa guɗa.

Yatsan matar ya motsa. Sai Sadissou ya taɓa gwiwar Baba Sidi ya ce a hankali, "Baba, dubi ƙofar bayanta." Ƙofar a rufe take. Sai da ya faɗa sannan ta buɗe.

Na ɗauki telekoman na tsayar.

Na ce, "Ka gani." Ya sunkuyar da kai. Na ce, "Sadissou, ka gani! Ni ina nan na hana unguwa guda, na yi faɗa da mutane, na kusa fasa tele, kai kana can kana kallo?" Wallahi raina ya ɓaci, na ɗauki mafici na kwaɗa masa a kafaɗar lafiya.

Ya ce, "Yaya, tsaya ki ji." Ya ce a ɗakin ajiyar dabino suka ɓuya, su da yawa. Wani ɗan Mali yana da fim ɗin a wayarsa, sabon, wanda aka gyara. Ya yi ta ƙin kallo, kullum in aka sa sai ya juya baya. "Sai wata rana da muka ji masu bindiga a bakin rijiya, dab da mu. Kowa ya yi shahada. Na ce wa ɗan Malin ya sa mini ƙarshen." Ya ɗago ya dube ni. "Na ɗauka ba zan zo ba, Yaya. Na ce kar mu tashi a tutar babu, ni da ke duka."

Ina jin gurup na ta ƙugi a waje. Maficin na hannuna, na rasa inda zan ajiye shi.

Sai ya share hanci da bayan hannu ya yi ƴar dariya. "Amma ban ji komai ba fa. Ba murya muka kalla, kar a ji mu. Bakinsu kawai na ga yana motsi. Ban san me ta ce masa ba."

Na goge fuskata da bakin zane. Na miƙe na tsaya gefen tele inda nake tsayawa, na ce wa Hamidou ya mayar baya kaɗan, daga inda ya kama sandar. Ya mayar. Na ce ya ƙara murya. Ya ƙara. Na ce ƙara dai. Ya ƙure ta har tele na karkarwa a kan firigo, har mutanen layi suka fara leƙowa ta ƙofa, na buɗe baki na fara fassara.